Garbai Magini da Awon Tashar Maigoriba

Haihuwa da asali

A shekara ta 1949 Miladiyya, cikin watan da ake yankan gero, aka haifi Malam Garbai a garin Gure ta jihar Damagaram, a gidan magina da ke gabas da kasuwa. Mahaifinsa Sahabi magini ne, mahaifiyarsa kuwa Kellu, mutuniyar Bune, kuma shi kaɗai ne ɗa namiji da ya rayu musu. Gidan na 'yan'uwa biyu ne, Sahabi da ƙanensa Jibirilla, sana'a ɗaya, zaure ɗaya. Shekara guda bayan haihuwar Garbai aka haifa wa Jibirilla ɗa, aka raɗa masa suna Tahiru. Wanda bai riƙe sunan nan ba, ba zai fahimci komai a rayuwar marigayi ba.

Gidan yana da al'adu biyu tun kakanni. Ta farko, ranar da aka yaye magini ana yanka masa sandar aduwa daidai kamunsa, wato daga gwiwar hannu zuwa kan dogon yatsa, a tsaga mata alamarsa da wuƙa. Da ita zai shata duk ginin da zai yi har ya mutu, kuma ba a barin guntu, kowane bango sai ya cika kamu cif. Ta biyu, muddin wa yana raye, duk abin da ƙane ya gina sunan wa ake kira.

A shekara ta 1930, lokacin da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Nguru, Sahabi da Jibirilla suka tafi cin rani ƙasar Ingilishi, wato Najeriya, suka yi aiki a wata ƙaramar tasha da ake ce wa Maigoriba. Riwayar gidan ita ce, kwanon rufi da ƙarfe ba su iso ba, damina ta matso, sai injiniyan Bature ya bar maginan Gure suka yi ɗakin jiran fasinja yadda suka iya: ginin ƙasa, bakan gizo da azara, bangon gabas babu taga saboda ruwa da iska. Da wannan labari Garbai ya tashi, kuma a yadda aka ba shi, Sahabi ne ya gina tasha.

Karatu

A shekara ta 1957 aka zo ɗaukar yara lakwal, wato makarantar boko, aka ce kowane gida ya ba da ɗa guda. A zamanin nan ba wanda yake so. Sahabi, da yake shi ne babba, ya tura Garbai Bune wajen dangin uwa, ya miƙa Tahiru ga mushe, wato malamin lakwal. Mutanen unguwa duk sun ce Sahabi ya zalunci ƙanensa, uwar Tahiru kuma ta yi kwana uku ba ta gaida kowa a gidan ba.

Garbai ya yi karatun allo gwargwadon abin salla, daga nan ya shiga kwaɓa ƙasa yana ɗan shekara goma sha biyu. An yanka masa sandarsa a 1967. Tahiru kuwa ya ci jarrabawar sartifika, ya wuce Damagaram, ya wuce Yamai, ya dawo ma'aikaci a ofishin ayyukan gini, da takalmi sau-ciki da motar aiki. Tun daga ranar da Garbai ya ga motar nan a ƙofar zaurensu bai sake samun sukuni ba. Maganar da aka fi ji a bakinsa, a kan bango ko a gindin bango, ita ce: "Kujerata yake zaune a kai. Ni aka zo ɗauka." Ya faɗe ta yana saurayi, ya faɗe ta da furfura.

Sana'a da hali

Sahabi ya rasu a 1968, Jibirilla ya bi shi a 1971, riƙon gida da sana'a suka dawo hannun Garbai, tare da sandar mahaifinsa wadda ya naɗe a fata ya ajiye. Ya gina soraye da zauruka a Gure da Gidigir da Gamu, da yawansu suna tsaye har yau. Da siminti ya shigo ya koyi ɗora bulo don ciyar da iyali, amma bai taɓa kiransa gini ba.

Tarihi ba wurin ɓoye hali ba ne. Marigayi mutum ne mai kaifin harshe, mai ƙyashi, bai iya yabon aikin wani ba. In aka nuna masa soro mai kyau sai ya zagaya baya ya nemo tsaga. Amma abu guda ba a ƙwace masa: ba ya ƙarya a kan awo. An ga ya rushe bangon da ya kai kafaɗa da hannunsa saboda ya karkace da faɗin yatsa, mai gida yana roƙonsa ya bari.

Aure da 'ya'ya

A shekara ta 1973 ya auri Yakura, 'yar baffansa Jibirilla, ƙanwar Tahiru uwa ɗaya uba ɗaya. Ita kaɗai ya aura, kuma sun zauna shekara hamsin da ɗaya. Mace ce mai ƙarancin magana, tana sayar da yadi da turmi a cikin gida. Allah ya ba su 'ya'ya takwas, biyu suka rasu da ƙuruciya. Da wannan aure Tahiru ya zama ɗan baffa kuma suruki, ba yadda za a yi a guje shi, suna ko biki ko rasuwa.

Gardamar 1985

A watan Maris na 1985, wurin sunan ɗansu na biyar, hira ta kai ga tashar Maigoriba, Garbai ya ba da labarin yadda ya gada. Tahiru ya yi dariya a gaban baƙi, ya ce shi ya je ya ga tashar, kuma ya ga takarda mai sa hannun injiniya. A cewarsa, Bature ne ya zana pilan ɗin tun daga ƙasarsu, ya kwaikwayo gine-ginen da ya gani a Masar, maginan Gure kuwa leburori ne kawai.

Ya ce, "Yaya, iyayenmu ƙasa suka ɗauka. Ba abin kunya ba ne. Amma zane sai wanda ya yi lakwal."

Garbai ya ce, "To, Mushe. Baturen naka da wane hannu ya auna?"

Tahiru ya ce da ƙafar Ingilishi mana, da me kuma. Garbai ya tashi ya bar wurin sunan ɗansa. Bayan shekara biyu Tahiru ya buga ɗan littafi da Faransanci a kan tsofaffin gine-gine, ya sa wannan ra'ayi a ciki, aka karanta a rediyo. Garbai bai iya karanta littafin ba, amma ya sa an karanta masa shafin sau biyu.

Tafiye-tafiyen bincike

A ranin 1988 ya hau kamiyon 'yan kanwa, wato babbar motar kaya, ya tafi Maigoriba da sandar Sahabi. Ya tarar jirgi ya rage zuwa, tashar ta tsufa, amma ɗakin jira yana nan, bakansa bai motsa ba. Da ya ɗaga kai ya ga ɗaurin azara ya san aikin gidansu ne, don ba wanda yake jera azara bibbiyu a kafaɗar baka sai su. Ya ari ma'aunin wani kafinta ya gwada, ɗakin bai faɗa cif a awon ƙafa ba. Ya gwada metir, bai cika ba. Nan ya tabbatar Tahiru ya yi kuskure. Sai ya kwance sandar mahaifinsa ya aza. Tsawo ya ba shi kamu goma sha biyar da guntu, faɗi goma da rabi. Magini na gidansu ba ya barin guntu. Ya maimaita sau huɗu, ya dawo Gure ya ce wa mutane yaɓen da aka ƙara daga baya ne ya ɓata awon.

A 1996 ya koma, wannan karo da igiya. Ya miƙa ta bango zuwa bango, ya ƙulla a kowace kusurwa, ya auna tsayin baka da kaurin bango da faɗin ƙofa, har ma'aikatan tashar suka sa masa suna Tsoho Mai Igiya alhali bai kai hamsin ba. Da ya dawo ya miƙa igiyar a zauren gidansu, wanda aka gina a 1927, shekara uku kafin tasha. Ƙulli ya faɗa kan kusurwa, ƙulli ya faɗa kan ƙofa, ko yatsa bai saura ba. Tashar Maigoriba zauren gidan magina ce ta Gure, an ɗauke ta an kai bakin dogo.

Ranar nan ya yi shela a kasuwa, ya aika wa Tahiru saƙo Damagaram cewa ya zo ya ga Masar. Tahiru bai zo ba, ya ce igiya ba hujja ba ce. Murnar kuma ba ta yi mako ba, domin Garbai ya aza sandar Sahabi a zauren gidan da aka haife shi a ciki, abin da bai taɓa yi ba, ta sake ba shi goma sha biyar da guntu. Wannan bai gaya wa kowa ba.

Sandar da ke ɗakin Yakura

Akwai wata tsohuwar sanda da Yakura take awon yadi da ita, masu saye suna mita kullum cewa kamunta gajere ne. A watan Afrilu na 2003, wata rana da hantsi, Garbai ya ɗauke ta don ya kori akuya daga zaure, sai yatsansa ya taɓa tsaga a gindinta. Alamar Jibirilla ce. Tahiru ne ya gaje ta, lokacin da ya tashi komawa gidan siminti ya jefa ta cikin itacen wuta, ƙanwarsa ta tsame ta. Jibirilla ya faɗo daga bango yana yaro, hannunsa na dama ya karye, ya ɗore gajere da yatsa uku, kowa a Gure ya san da haka, amma ba wanda ya taɓa haɗa wannan da wancan.

Garbai ya durƙusa ya aza. Tsawo goma sha takwas cif. Faɗi goma sha biyu cif.

Ya kira matarsa ya ce, "Ke, kin san da wannan?"

Ta ce, "Tun ina budurwa. Shekarar tasha kurkunu ya kwantar da Baba Sahabi wata uku. Zauren ma babana ya shata."

Ya ce, "Shekara talatin muna ɗaki ɗaya, me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Malam, ka tambayi bango, ka tambayi igiya. Ni ka taɓa tambayata? Kuma shi mai aikin bai faɗa ba har ya mutu."

Ya miƙa mata sandar ta koma awon yadinta.

Shekarun shiru

Daga 2003 zuwa 2021 marigayi bai ƙara ambaton Maigoriba ba, mutane suka ɗauka gajiya ce. Ba gajiya ba ce. Abin da ya yi shekara goma sha biyar yana nema don ya ƙasƙantar da Tahiru, ya same shi, sai ya tarar kambu ne da zai ɗaura wa Tahiru a hannu. In ya yi magana, ɗaukakar ta koma ɗakin Jibirilla, ga mutumin da ya kira ubansa lebura ya kuma jefa sandarsa a wuta. In ya yi shiru, ta zauna wa Bature. A cikin shekarun nan Tahiru ya bar aiki, ya je Makka, ya gina bene a Damagaram, ana kiransa taro a matsayin masani. Garbai ya bar hawa bango a 2014 saboda ciwon gwiwa, ya koma zama a dakalin zaure yana kushe ginin duk wanda ya wuce.

Zuwan Balkisu

A watan Fabrairu na 2021 wata ƙungiya mai kula da tsofaffin gine-gine a Najeriya ta ɗauki tashar Maigoriba cikin kayan tarihi, za a gyara ta a kafa allo mai bayanin wanda ya zana ta. An riga an shirya rubuta sunan injiniyan, bisa takarda da kuma littafin Alhaji Tahiru. Amma shugabar aikin, wata injiniya mai suna Balkisu, awon ɗakin ya ƙi shiga mata lissafi, tsofaffin tasha kuma suka ba ta labarin Mai Igiya. Ta zo Gure, Alhaji Tahiru ne ma ya rako ta. Mai wannan rubutu yana cikin waɗanda suka halarta.

Ta gaida shi ta ce, "Baba, an ce kai ka san wanda ya yi tashar nan."

Ya ce, "Ubana Sahabi."

Ya sa aka miƙa igiya, ta gwada da awon da ke takardarta, ta sake gwadawa da metir ɗinta. Ta ce zauren nan da ɗakin jira abu ɗaya ne, babu shakka. Alhaji Tahiru ya cire gilashinsa ya mayar. Sai ta ce ta ji labarin sanda, in akwai ta Sahabi a kawo a aza, ta ɗauki hoto, magana ta ƙare.

A nan Garbai yana da hanya. In ya ce sandar ta ɓata, ba mai musa masa, al'adar gida ma tana bayansa, za a rubuta Sahabi. Yakura tana bayan ƙofar cikin gida, kuma ya san ba za ta buɗe baki ba. Ya aika aka ɗauko sandar da ke naɗe a fata, ya kwance, ya durƙusa a kan gwiwar da ke ciwo ya fara azawa yana ƙirgawa da ƙarfi. Da ya kai goma sha biyar ya tsaya, ga guntu kowa yana gani.

Balkisu ta ce, "Ba komai, Baba, gini yana motsi, yaɓe ma yana ƙara kauri."

Ya ce, "Yarinya, kar ki koya min ƙasa. Ginin gidan nan ba ya motsi." Ya juya wajen ƙofa ya ce, "Ke, kawo ta yadin."

Ya aza ta tsawo, ya aza ta faɗi. Da ya gama ya jefa ta gaban Alhaji Tahiru ya ce, "Ga Baturenka nan, Mushe. Ubanka ne. Wanda ka sa a wuta."

Alhaji Tahiru ya ɗauki sandar ya dubi alamar, hawaye suka zubo masa, ya ce, "Yaya, Allah ya saka." Garbai ya ce ba don shi ya yi ba, awo ne ba ya ƙarya, kuma ya ce wa Tahiru ya tashi masa daga dakali.

Buɗe tasha

An buɗe tashar bayan gyara a watan Maris na 2022. Takardar gayyata ta zo da sunan iyalan Jibirilla, Alhaji Tahiru ya aiko da mota aka ɗauki Yakura da 'ya'yanta. Ya zo da kansa ya roƙi Garbai ya shiga gaba, Garbai ya ce shi ba ya bin motar kowa zuwa wurin da ya je da kamiyon kanwa. A wurin taro Alhaji Tahiru ya yi jawabi, ya ɗaga sandar, aka sa ta cikin akwatin gilashi a ɗakin jira. Allon ya ce Jibirilla maginin Gure ne ya shata ginin bisa zauren gidansu, kuma an tabbatar da haka ta hannun ɗansa, masani Alhaji Tahiru. Balkisu ta aiko da uzuri cewa ta rubuta sunan Garbai a rahotonta, masu allo ne suka taƙaita. Wataƙila haka ne.

Da aka saka hirar Alhaji Tahiru a rediyo yana cewa tun yana yaro yake zargin hannun mahaifinsa ne, marigayi ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ba da rediyon kyauta ga mai shayi. An tambaye shi ko ya yi nadama. Ya ce kullum, amma in an sake miƙo masa sandar haka zai sake azawa.

Rasuwa da jana'iza

Ciwo ya kwantar da shi bayan Babbar Sallar 2024. Alhaji Tahiru ya zo dubiya sau uku, sau biyu Garbai ya juya fuska bango, a na uku ya bari ya riƙe masa hannu, ya ce masa takalminsa ya shigo da yashi. Ya rasu ranar Talata da rana tsaka, a watan Yuli na 2024, yana cikin shekararsa ta saba'in da biyar. An yi masa salla bayan la'asar a ƙofar zauren, aka binne shi a maƙabartar gabas kusa da Sahabi. Magina daga Gidigir da Gamu da Bune sun zo, Alhaji Tahiru ne ya zauna karɓar gaisuwa a matsayin babban gida. Allah ya gafarta masa ƙyashinsa, ya auna masa gaskiyarsa da ma'auni cikakke.

Ya bar matarsa Yakura da 'ya'ya shida: Mahamadu, magini a Gure; Ali, direban kamiyo; Saratu, tana aure a Gidigir; Raliya, ma'aikaciyar jinya a Damagaram; Tanimu, malamin lakwal a Gamu; da autarsu Mardiya. Dukansu sun je Maigoriba, wasu har da 'ya'yansu. In sun je, mai gadi yana tashi ya buɗe musu ɗakin jira, ya nuna su ga baƙi ya ce ga jikokin Jibirilla. Har yau ba wanda ya tambaye su sunan ubansu.